Amsa ga Malamin Talata Mafara kan aikin datse bututun maniyyi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan uwargida tana samun sauƙi. A shirin lafiya na rediyo da aka gayyace ni, ka bugo waya ka bayyana cewa iyalinka ta kamu da ciwon zuciya bayan haihuwarta ta ƙarshe, likitoci kuma sun gargaɗe ku cewa wani cikin zai iya zama ajalinta, shi ne wani ma'aikacin lafiya ya ba ka shawarar a yi maka aikin datse bututun maniyyi, wanda ake kira basektomi. Ka tambaya ko aikin dandaƙa ne, ko gaskiya ne jiki yana juyowa ya yaƙi kansa bayansa, da kuma ko za a iya sake haɗa bututun idan wata rana ka so haihuwa. Lokaci ya ƙure kafin in gamsar da kai, kuma tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, na ga ya dace amsar ma kowa ya gan ta.

Batun dandaƙa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Mai dandaƙe bajimi 'ya'yan marainansa yake lalatawa, shi ya sa dabbar ke rasa sha'awa ta koma tara kitse. Basektomi kuwa bai taɓa 'ya'yan maraina. Abin da likita ke nema shi ne siririn bututun da ke ɗaukar ƙwayoyin haihuwa daga kowane ɗan maraina zuwa sama, sai ya kashe zafin wurin da allura, ya zaro bututun ta ƙaramar kafa, ya yanke shi ya toshe bakinsa, yawanci cikin ƙasa da rabin awa. Salon da ake huda fata maimakon a tsaga ta, wani likitan ƙasar Sin mai suna Li Shunqiang ne ya ɓullo da shi a lardin Sichuan a 1974. Sinadarin mazakuta, wato testosteron, ta jini yake bi ba ta wannan bututun ba, don haka sha'awa da ƙarfin kusantar iyali suna nan yadda suke. Maniyyin ma zai ci gaba da fita, domin ƙwayoyin haihuwa ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ruwan ba, ragowar kuwa daga furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara, da jakunkunan maniyyi yake fitowa, su kuma suna gaba da inda aka datse.

Sai dai ga wani abu da ya shafi gidanka kai tsaye. Aikin ba ya hana ɗaukar ciki nan take, saboda akwai ragowar ƙwayoyi a ɓangaren bututun da ke sama. Dole a ci gaba da wata hanyar kariya har kimanin wata 3, sannan a gwada maniyyi a tabbatar babu ƙwaya. Ko bayan an tabbatar, a cikin maza kusan 2,000 akan sami ɗaya da bututun ya sake haɗe kansa.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma wanda ya faɗa maka jiki yana yaƙar ƙwayoyinsa bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa maka bayanin ba ne. Garkuwar jikin ɗan Adam tana koyon bambance nata da baƙo tun yana ciki da kuma farkon ƙuruciya, alhali ƙwayoyin haihuwa ba sa bayyana sai lokacin balaga. Ma'ana, garkuwar ba ta taɓa sanin su ba. Hikimar halitta ita ce an gina shinge a cikin 'ya'yan maraina wanda ke raba waɗannan ƙwayoyi da jini, ta yadda sojojin jiki ba sa cin karo da su.

Bayan an datse bututu, maraina ba sa samun labarin an rufe hanya. Suna ci gaba da ƙera miliyoyin ƙwayoyi kowace rana, kowace ƙwaya tana ɗaukar fiye da wata 2 kafin ta kammala, sannan ta gangara cikin wani lallausan bututu da ke nannaɗe a bayan ɗan maraina, wanda in aka warware shi zai kai tsawon mita 6. A nan suke taruwa, su tsufa, jiki ya narkar da su ya shanye. Kai da kake maƙwabtaka da madatsar Bakolori ka san abin da ke faruwa idan aka toshe bakin magudanar ruwa alhali ana ci gaba da sako shi daga sama: gefen da ya fi rauni ne ke tsagewa. Haka wannan lallausan bututu yake kumbura, wani lokaci ya ɗan tsage, ƙwayoyi su tsiyaya cikin nama, garkuwar jiki ta gan su a karon farko ta ɗauke su baƙi. Sai ta kewaye su da ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, wanda galibi ba ya ciwo, ta kuma haɗa sinadaran kariya da ke manne wa ƙwayoyin maniyyi. Fiye da rabin mazan da aka yi wa aikin ana samun waɗannan sinadarai a jininsu.

Shin wannan yana jawo wata cuta? Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, kuma sun yi dalilin tsorata. A 1978 an wallafa wani bincike a Amurka da ya nuna birai da aka yi wa aikin jijiyoyin jininsu sun fi saurin toshewa da kitse, amma da aka bi dubban maza shekara da shekaru ba a ga ƙaruwar ciwon zuciya a cikinsu ba, haka nan ba a ga ƙaruwar cututtukan da garkuwa ke afka wa gaɓoɓi ko wasu sassan jiki ba. A 1993 kuma aka tayar da maganar sankarar furostet, bayan wasu bincike biyu sun nuna alaƙa. Babban nazarin da ya tattara binciken da aka yi har zuwa 2017 ya sami alaƙa mai rauni ƙwarai, wadda masu nazarin suka ce da wuya a ce aikin ne sanadinta. Matsalar da aka tabbatar, wadda ya wajaba a faɗa wa kowa kafin ya sa hannu, ita ce ciwon maraina mai daɗewa, wanda ke addabar mutum 1 zuwa 2 cikin 100.

Ashe ke nan yaƙin da garkuwar ke yi bai wuce kan ƙwayoyin maniyyi ba, kuma muddin mutum ya gama haihuwa babu abin da ya dame shi da shi. Ranar da ya sake son haihuwa ne maganar ke tasowa.

Ana iya sake haɗa bututun, amma aiki ne na awa 2 zuwa 4 a ƙarƙashin madubin tiyata, da zaren da ya fi gashin kai siranta, domin kafar da ake ɗinkewa ba ta kai rabin milimita ba. Idan kuma matsin nan ya riga ya tsaga lallausan bututun ya bar tabo, sai an tsallake tabon an haɗa ta sama, aikin da ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1991 kan maza 1,469 ya nuna yadda shekaru ke cin nasarar aikin. Waɗanda aka haɗa wa kafin cika shekara 3, ƙwayoyi sun dawo cikin maniyyin kashi 97 cikin 100, matan kashi 76 suka sami ciki. Tsakanin shekara 3 zuwa 8, cikin ya sauka zuwa kashi 53. Bayan shekara 15 kuwa, ƙwayoyi sun dawo wa kashi 71, amma kashi 30 kaɗai suka sami rabo. Ka lura da ratar da ke tsakanin dawowar ƙwaya da samun ciki. Shekarun matar na da babban kaso a ciki, haka ma raunin ƙwayoyin da suka daɗe a tsare, sannan ga sinadaran kariyar nan, waɗanda idan suka manne wa ƙwayoyin a cikin maniyyi sukan sa su cure wuri ɗaya, su kasa ratsa ruwan bakin mahaifa ko huda ƙwan mace. Ba kowane mai su ba ne ke rasa haihuwa, da yawa suna haihuwa lafiya, amma babu likitan da zai iya yi maka alkawari tun kafin aiki cewa kana cikinsu.

Akwai wata hanyar, inda ake zuƙo ƙwaya daga maraina da allura a cusa ta kai tsaye cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, sannan a dasa a mahaifa; dabarar cusa ƙwayar cikin ƙwan an fara cin nasararta a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam a 1992. Wannan ta tsallake toshewar da sinadaran kariyar gaba ɗaya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Malam: alƙaluman da na kawo maka na ƙwararrun da wannan ɗinki shi ne sana'arsu ne, dashen kuma sai an nufi manyan birane irin Abuja da Legas da miliyoyin naira a hannu, ba tare da tabbacin za a dace a karon farko ba. Magidancin da ke noman rani a Mafara bai kamata ya gina shawararsa a kan wannan ba.

Ta fuskar addini, malamai ne masu fatawa, amma ya kamata ka je musu da cikakken bayani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta haramta kawar da ikon haihuwa na dindindin ga namiji ko mace sai bisa larurar da shari'a ta yarda da ita, ta kuma halatta tazarar haihuwa ta wucin gadi bisa yardar ma'aurata. Abin da malamin zai so ya sani shi ne ko larurar da ke jikin matar ta isa hujjar yin aikin a jikin mijin alhali akwai wata mafita.

Mafitar kuwa akwai ta. Niyyarka ta ɗauke wa iyalinka nauyi abin yabo ce, kuma gaskiya ne basektomi ya fi ɗaurin mahaifa sauƙi da ƙarancin haɗari, balle ga mai ciwon zuciya da ba a son a shiga cikinta da wuƙa. To amma ashanar da ake sa wa a dantse tana aiki shekara 3 zuwa 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai wa shekara 10, kowaccensu kuma a cikin mata 100 ba a cika samun ko ɗaya da ta yi ciki a shekara ba, ana kuma cire su duk ranar da aka so. Ƙwayoyin sha na hana ɗaukar ciki masu sinadarin mata na istirojin ne ba su dace da mai irin ciwonta ba. Ra'ayina shi ne, a ƙasar da ƙarin aure da auren bayan rasuwa ko rabuwa ba baƙon abu ba ne, duk namijin da ya tambaya ko za a iya mayar da bututun bai shirya a datse shi ba tukuna.

Ku je tare da ita Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a ɗauki hoton zuciyarta a ga ko ƙarfin bugunta ya dawo, sannan likitan zuciya da na mata su zaɓa muku hanyar da ta dace da ita. Kafin ranar, kada ku zauna ko dare ɗaya babu kariya.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya zuri'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanka likita, daga Gusau