Batun "mutuwar" Windows 10 da kwamfutocin da ke hannunmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan wani labari da ya zaga gari, ya kuma jawo mini surutun da ba na kuɗi ba a shago. Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma na daɗe a cikinta, tun zamanin da Windows XP yake tashe, ana ɗaukar fayil a faifan CD.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarsa a watan Yulin 2015. Kafin labarin ya iso kunnen mutanenmu ya riga ya canza kama. Abin da ya yi ta yawo a WhatsApp da bakin masu shayi shi ne wai Windows 10 ya mutu, duk kwamfutar da ke ɗauke da shi za ta ɗauke wuta. A makon nan wata dattijuwa, malamar sakandare, ta shigo shagona da laftof ɗinta a naɗe cikin sallaya. Ta ce, "Ɗana, duba mini wannan, an ce kwananta ya ƙare." A ciki take ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibanta da takardun fanshonta. Ta riga ta biya ta wani shago, an ce mata ta bar ta a matsayin kayan gyara, ta cika kuɗi a ba ta wata. Na kunna. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi. Na ce, "Hajiya, wannan ai ta fi ni lafiya."

Ga abin da ya faru a zahiri. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows, kamar katangar gida ce, komai ƙwarewar magini sai an samu tsaga. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yakan aiko da gyara, ya liƙe tsagogin da aka gano. Wannan aiken ne aka dakatar. Katanga tana nan, ƙofa tana buɗewa, Word yana rubutu, firinta tana bugawa. Amma duk tsagar da aka gano daga yanzu haka za ta zauna, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗarin ba na dare ɗaya ba ne, a hankali yake taruwa, wata bayan wata.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna da Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 cikin 'yan kwanaki. Takan kulle fayilolin mutum, ta ce sai ya biya fansar dala 300 da kuɗin Bitcoin. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya, aka riƙa juya motocin ɗaukar majinyata zuwa wasu wurare. Abin takaicin, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin wannan tsaga. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sauke gyaran ba.

To, a nan ne nake so in faɗi abin da 'yan'uwana masu gyara ba za su ji daɗinsa ba, kuma da ni a ciki. Mu a nan, mun daɗe da kashe wannan sabuntawar da hannunmu. Idan ka kawo mana kwamfuta muka yi mata fomatin, abu na farko da muke yi bayan ɗora Windows shi ne mu toshe hanyar sabuntawa. Muna da hujja, ba shakka. Gyara ɗaya yana iya lashe datar da mutum ya saya don ta kai shi mako. Wani lokacin kwamfuta tana tsakiyar sabunta kanta a ɗauke wuta, batiri kuma ya riga ya mutu, ta ƙi tashi, mai ita ya dawo yana cewa mu muka lalata masa. Sannan akwai hujjar da ba a faɗa da ƙarfi: yawancin Windows ɗin da muke ɗorawa na bayan fage ne, ana tsoron kada sabuntawa ta tona asiri, rubutun nan ya fito a gefen allo yana neman lasisi. Saboda haka kwamfutoci da yawa da ake yi wa kukan rasa kulawa a Oktoban 2025, rabonsu da gyara tun ranar da suka bar shagon mai gyara, shekara uku ko huɗu da suka wuce. Ita ma ta Hajiya da na duba, gyaran ƙarshe da ta karɓa na 2021 ne.

Kai, bar ta Windows 10 ma. Ka shiga shagunan buga takardu da ke bakin manyan makarantu, za ka tarar da Windows 7 yana aiki, alhali an sallame shi tun 14 ga Janairu, 2020. A nan ne za ka ga yadda ƙarshen abin yake kasancewa. Burauzar Chrome, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsaya a lamba ta 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, ba ta ƙara gaba. Shafukan intanet kuwa ba su tsaya jiran kowa ba. Sai ɗalibi ya zo cike fom ɗin makaranta ko biyan kuɗi, shafi ya buɗe rabi, maɓalli ya ƙi dannuwa, mai shago ya ce "netwok ne". Ba netwok ba ne, tsohuwar burauza ce. Ga kuma filas da ake cirewa daga wannan kwamfuta a soka a waccan, yana rarraba cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar maka inuwarsu. Na sha ganin ɗalibin ajin ƙarshe yana gumi a kan benci saboda kundin bincikensa ya ɓace ana saura kwana biyu ya miƙa. Haka Windows 10 zai koma nan gaba, idan masu burauza suka juya masa baya. A yanzu dai ba su juya ba, har Microsoft ya yi alkawarin ci gaba da sabunta burauzarsa ta Edge a kansa zuwa Oktoban 2028 aƙalla.

Mai karatu zai ce, to a koma Windows 11 mana, tunda kyauta ne ga mai lasisi. Nan ne gizo ke saƙa. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana da sharuɗɗa. Yana son ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, gigabait 4, da ma'aji gigabait 64, waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta: in ta Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama, wato na wajajen ƙarshen 2017, ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa sassauci. A ra'ayina wannan layi an ja shi da tsauri fiye da kima. Laftof mai zubi na shida ko na bakwai, in ka sa mata ma'aji mai sauri da ake kira SSD da ram gigabait 8, tana gudu kamar barewa, ta ishi malami da akawu da ɗan jarida. A ce irin wannan ta zama ta yarwa, ni ban gamsu ba, komai bayanin tsaron da za a yi mini. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan mataki.

Sai dai mu mun san inda sharar Turai da Amurka take ƙarewa. Ofisoshinsu za su sauke tsofaffin, dillalai su tattara, a cika kwantena, ta sauka a Legas, kaya su baje a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, daga nan su hauro Arewa, wasu har su tsallaka iyaka. Za su zo da tsabta, ba ko ƙwarzane, da araha mai jan hankali. Ba na cewa kada a saya, ni ma irinsu nake amfani da su, kuma sabuwa dal ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Abin da nake tsoro shi ne a sayar wa mutum da tsohuwa a kuɗin 'yar yayi, don bai san abin da zai duba ba.

Mutanenmu sun haddace "Core i5" da "Core i7", sunayen ƙwaƙwalwar Intel, sun ɗauka i7 ko yaushe ta fi. Dillali ya san haka, shi ya sa takardar da ke manne a jikin kwamfutar yake fara nuna maka. Lambar da ke bin bayan sunan ita ce magana. In ka ga i7-6600U, wannan 6 ɗin na farko yana nufin zubi na shida, Windows 11 ba ya karɓar ta. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ce, ta shiga, kuma ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi. Daga zubi na goma lambobi biyun farko ake karantawa, kamar 10210U. Kada ka yarda da baki, ka ce a kunna, a shiga wurin bayanin na'ura ka gani da idonka. Kada kuma ganin Windows 11 a kan allo ya ruɗe ka, domin akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kowane yaron shago ya iya ta. Tana aiki, ni ma na yi wa wasu da suka nema, bayan na gaya musu gaskiya: Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan gyara ba. Wanda ya sayi rariya da saninsa ba ya kuka in ta zubar da ruwa, laifin yana ga wanda ya ce masa tulu ce.

Wanda kuwa tasa take hannu, ba ta cika sharaɗi ba, yana da hanya. Microsoft ya buɗe ƙarin wa'adin shekara ɗaya na gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ana shiga da dala 30, ko da maki 1,000 na tsarin ladansu, ko kuma kyauta idan mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitunansa a wurinsu. Amma sai Windows ɗin ya kasance mai lasisi, kuma na ƙarshe, wanda ake kira 22H2. Kusan duk wanda na yi wa wannan bayani, bai taɓa jin sa ba.

Ɗaya hanyar ita ce Linux, wata babbar manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, halal ɗinta, ba a satar ta don ba a sayar da ita. Masu jin sunan suna tsorata, sun manta cewa Android ɗin da ke aljihunsu a kanta aka gina shi. Nau'in Ubuntu ma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya assasa shi a 2004. Ni na fi ɗora wa mutane Linux Mint, don fuskarsa ta yi kama da Windows ɗin da suka saba. Chrome da Firefox suna aiki a kai, manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, akwai kuma tsarin madannai na Hausa, mai ƙ da ɗ da ɓ. A Jamus, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan wannan turba.

Amma ba zan yi wa Linux kirarin da wasu samari ke yi mata ba. Birnin Munich na ƙasar ta Jamus ya yi shekaru a kanta, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. A nan gida kuwa, duk mai buga katin biki da kalanda da fostar 'yan siyasa da CorelDRAW yake cin abinci, shi kuma ba ya hawa Linux kai tsaye. Wata tsohuwar firintar sai ka yi da gaske kafin ta amsa. Takardar da aka ƙawata a Word takan ɗan karkace in an buɗe ta a LibreOffice. Kuma in ta ba ka matsala a ƙaramin gari, mai gyaran da ya san ta ba shi da yawa. Ga mai rubutu da shiga intanet da kallon karatu, ta wadatar har da ƙari. Ga mai shagon zane, gara ya bar Windows 10 ɗinsa, ya cire wa wannan kwamfutar intanet, ya daina barin kowane filas yana shiga.

Roƙona gare ku, ya Edita, shi ne idan irin wannan labari ya zo, kada a tsaya ga kanun da aka ɗauko daga kafafen waje. A tura wakili kasuwa ya tambayi masu gyara, a kuma tambayi makarantu da asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomi wace manhaja ce a kan kwamfutocin da ke riƙe da sunayenmu da lambobinmu, kuma yaushe rabonta da gyara. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, cibiyoyin da ke yin ta suna da ɗaruruwan na'urori, su ma tambayar ta shafe su. Ni ma daga ɓangarena na daina kashe sabuntawa, sai dai in nuna wa mai kwamfuta yadda zai saita ta kada ta sha masa data sai ya samu wadatacciya.

Ita kuwa Hajiya, na kwafe mata takardunta a filas biyu, na ce ɗaya ta ajiye a gida kada ya taɓa shiga wata kwamfuta. Tata zubi na bakwai ce, kuma da lasisinta na asali, don haka na sauke mata gyare-gyaren shekara huɗu da suka taru, wanda ya ci mana yini guda, na shigar da ita ƙarin wa'adin. Na ce ta dawo kafin Oktoban 2026 mu zauna mu ga ko Mint zai karɓe ta. Ta tambayi kuɗin aiki, na ce ta biya na data kawai. Ta naɗe abarta a sallaya ta tafi.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Zariya, Jihar Kaduna