Dopamin Ba Ruwan Jin Daɗi Ba Ne Kawai, Ku Tambayi Ƙudan Zuma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a bani ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, akwai maganar da ta dame ni kwana biyu. Yanzu duk wanda ya buɗe baki a Facebook ko TikTok sai ya ce dopamin, wai shi ne sinadarin jin daɗi, ka ci tsire dopamin, an yi maka laik dopamin. Ni dai ba likita ba ne, zuma nake kiwo, amya ta gargajiya da 'yan akwatuna na zamani a bayan gonar mahaifina, amma ƙudan nan sun nuna min zancen ya fi haka zurfi.

Bara waccan na buɗe wani akwati na ga abin da ya ɗaure min kai. A rami ɗaya na saƙar zuma ƙwai biyu, wani uku, wasu ma manne a gefen ramin maimakon can ƙasa inda sarauniya ke sauke nata ɗaya tak a tsakiya. Waɗanda suka riga suka rufe kuma murfinsu ya kumburo, duk maza. Baba yace min ai yaro gidan nan ya mutu, ba uwa a ciki. Gaskiyarsa kuwa, sarauniyar ta tafi, ma'aikatan, wato matan ƙudan da ke yi wa gidan aiki, su ne suka kama saka ƙwai da kansu, kuma tunda ba a taɓa barbararsu ba maza kawai suke iya haifa, maza kuwa sai ci, basa zuwa fure.

To ashe dopamin na da hannu a ciki. Tun 1995 masu bincike suka lura ma'aikatan da suka rasa sarauniya dopamin na ƙaruwa a ƙwaƙwalwarsu, kuma yana tafiya tare da kumburin mahaifar ƙwansu. Ita sarauniya wani ƙamshi take fitarwa daga wajen muƙamuƙinta, 'yan rakiyarta su lashe su yaɗa shi ko'ina cikin gidan. A cikin ƙamshin akwai wani sinadari da ake kira HVA wanda ƙirarsa kamar an tsaga kara da dopamin. Farfesa Alison Mercer da mutanenta a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan suka nuna a 2007 cewa ƙamshin yana sauke dopamin a kan ƙananan ma'aikata, har ya taɓa yadda ƙwaƙwalwar ke karɓarsa. Abin da yafi bani mamaki, ƙananan da ke shaƙarsa basa iya riƙe darasin abin da ya cuce su, ko da an haɗa wani wari da ɗan shokin lantarki basa koyon ƙinsa, amma darasin zaƙi suna koya lafiya lau. Kaga kenan a wajen zuma dopamin har da koyon tsoro da gudun wahala yake aiki, ina jin daɗi a nan?

Sai kuma binciken 2022 a mujallar Science, na Songkun Su a Fujiyan ta ƙasar Sin tare da Martin Giurfa daga Tuluz a Faransa. Sun auna kan ƙudan da ke zirga-zirga wajen abinci, suka tarar dopamin yana hawa lokacin da ƙuda zai fita daga gida, amma da ya isa ya kafa baki a ruwan sukari sai ya sauka. Ya dawo gida ya fara rawar nan tasu ta karkaɗa gindi da suke kwatanta wa 'yan uwa hanya, wadda Karl von Frisch ya samu kyautar Nobel a 1973 kan fassara ta, sai dopamin ɗin ya sake tashi a farkon rawar kamar ya tuno garar da ya baro. Da aka basu maganin da ke toshe shi sai zuwa wajen abincin ya ragu. Wannan ai kwaɗayi ne Malam Edita, marmarin abu kafin ka same shi, ba daɗin cinsa ba. Duk wannan fa a cikin ƙwaƙwalwar da bata fi ƙwayar riɗi ba, ƙwayoyin jijiyarta basu ma cika miliyan ɗaya ba.

Ban ce kan mutum da na zuma ɗaya ba ne, kada wani ya ɗauki maganata ya je yana wa mutane huɗuba da ita. Amma masu rubuta mana shafin lafiya su daina haɗiye komai daga bidiyon minti ɗaya suna juyo mana.

Roƙona shi ne ku ware ko rabin shafi ne a wata don kiwon zuma, a samu malaman jami'a su yi bayani da Hausa, musamman yadda ake gane gidan da ya rasa sarauniya tun kafin ma'aikata su fara ƙwai, don in suka fara ko ka kawo musu sabuwa da wuya su karɓe ta, sau da yawa kasheta suke. Nawa akwatin dai kakkaɓe shi nayi a gaban na kusa da shi da yamma, waɗanda masu gadi suka bari suka shiga.

Naku,
Wani mai kiwon zuma daga karkarar Zariya