Godiya ga garejin da ya tayar da motar Babanmu

Zuwa ga maigidan gareji da dukkan yaran aikinsa,

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi wa gidanmu ya fi ƙarfin "mun gode" ta bakin ƙofa.

Ba ku san mahaifinmu ba, Allah ya jiƙansa. Ma'aikacin lantarki ne a masana'anta har ya yi ritaya, bai tara dukiya ba. Abin da ya mallaka da yake alfahari da shi, bayan 'ya'yansa, shi ne Volkswagen Beetle ƙirar 1972 da ya saya a hannun wani da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Da ya ajiye aiki, motar ta zama ofishinsa. Da hantsi za ka same shi tsugune a bayanta, murfin inji a ɗage, sifana a aljihun riga. Son tsofaffin motoci ya shige masa jini. Daga nesa yana jin ƙara zai ce maka Peugeot 404 ce ko Mercedes, kuma da wuya ya kuskure. Babu baƙon da ya tsira daga labarin cewa a shekarar da aka ƙera motarsa ne Beetle ta zarce Ford Model T a yawan motocin da aka ƙera, wadda aka yi sama da miliyan 15. Da ya ji an fitar da ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko a 2003, wuni ya yi ba walwala kamar an yi masa rasuwa.

Da ciwo ya kwantar da shi, motar ta shiga ƙarƙashin tamfol, ba ta sake motsi ba. Bayan rasuwarsa Mama ta ce abu ɗaya take roƙo, a tayar da ita.

Nan muka ga ta kanmu. Wani makanike da muka kira ya zo da kuzari, ya buɗe gaban motar yana neman inji, ya tarar da safaya da tankin mai, ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani ya tambaye mu ina lagireto, alhali motar iska ce ke sanyaya injinta, ba ta shan ruwa ko ɗigo. Wani ya zo da na'urar kwamfuta, ya rasa inda zai jona ta, ya yanke hukunci cewa a cire injin a sa na zamani. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya zagaya ta sau ɗaya, ya harbi taya da ƙafa, ya ce a gaban Mama a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Ban ce kowa sai ya iya tsohuwar mota ba. Amma wanda bai iya ba, me zai rage shi in ya ce bai iya ba?

Gaskiya ko da aka jawo ta zuwa wurinku ban sa rai da komai ba. Dattijon makaniken nan naku mai furfura ne ya karɓe mu. Bai taɓa makulli ba. Sai da ya ba Mama kujera a inuwa, ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaya ko marigayin ya bar wani rubutu game da motar. Muka miƙa masa littafin Baba, wanda duk shafukansa tabon yatsa ne na baƙin mai. A ciki Baba ya rubuta kowane juyen mai, duk bayan kilomita 5,000, da kowane saitin bawul a kan milimita 0.15, inji na sanyi. Dattijon ya sa tabarau ya karanta a tsaye, shafi bayan shafi, ya ɗago ya ce, "Hajiya, mijinki ya san aikinsa. Mu dai bin sawunsa za mu yi." Mama ta juya kai gefe.

Ya bayyana mana dalilin da ya sa ba a yi wa injin da ya daɗe a ajiye gaggawa. Ya zubar da tsohon fetur da ya yi danƙo, ya kwance fulogi, ya ɗiga mai a silinda, ya juya injin da hannu a hankali. Da ya leƙa gidan fanka sai ga sheƙar ɓera ta toshe hanyar iska. Ya kira ni ya nuna mini, ya ce da an tayar da ita a haka aka hau titi, zafi ne zai cinye injin, tunda ba ta da wani abin sanyaya bayan wannan iskar. Ya kuma dage sai an canja robobin fetur da suka tsattsage, domin a irin wannan mota suna bi ne kusa da inji mai zafi, kuma ta nan gobara ke tashi. Sauran aikin, birki da batir da wankin kafireto da fambel, an yi shi yadda ya kamata. Duk abin da aka cire an haɗa mana shi a jaka, kuɗin da aka faɗa da farko shi aka karɓa.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan mu'amala ta zama abin mamaki. Yau mai gyara ba ya gyara, canji kawai ya sani. Ba ya sauraron inji, ba ya sauraron mai mota. A ce maka gobe, goben ta zama wata guda, waya kuma a kashe. In mace ce ko tsoho ya kawo aiki, sai a ninka lissafi don an ga ba zai gane ba. Kuma masu sanin kafireto da kwantak suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba su bar wa kowa ba. Shi ya sa na ji daɗi da na ga ƙaramin yaron garejinku riƙe da fitila kusa da dattijon, ana nuna masa yadda ake zura ma'auni tsakanin bawul, ana sa shi ya maimaita.

Ƙanena ne ke tuƙa motar yanzu, shi ya gaji littafin, kuma wurinku zai riƙa kawo ta juyen mai. Mama ta ce a gaishe da dattijon musamman. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Taku,
'Yar marigayin, a madadin iyalansa