Sanarwa: Ɓarauniyar Hanya a Jijiyar Zuciya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga bayani kan tambayar da aka yi jiya a rukunin nan game da ɓarauniyar hanyar jini da kan buɗe a jijiyar zuciya.

Jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya da jini, wani lokaci ɗayarsu kan buɗe wata ɓarauniyar hanya kai tsaye zuwa cikin ɗakin zuciya, yawanci na ɓangaren dama. Likitoci na kiranta fistula ta jijiyar zuciya. Akasari da ita ake haihuwar mutum, amma rauni a ƙirji ko tiyatar zuciya ma na iya jawo ta.

Idan ƙarama ce, mutum na iya tsufa bai sani ba. Babbar ita ce matsala: jinin da ya kamata tsoka ta samu sai ya zurare ta can, zuciya ta yi ta wahala. Daga nan sai ciwon ƙirji, haki, saurin gajiya, har gazawar zuciya. Sau da yawa wani sauti mara yankewa da likita ya ji a ƙirji ne ke tona ta, hoton zuciya ya tabbatar.

Ana toshe ta da siririn bututu ta jijiya, ko a yi tiyata. Don Allah kada kowa ya yanke wa kansa hukunci daga wannan saƙo. Mai irin waɗannan alamu ya ga likitan zuciya.