Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Daraktan kula da lafiyar dabbobi: allura ka yi mana alkawari, guba muka gani

Ranka ya daɗe, barka da aiki, ya iyali. Ba zan ja gaisuwa ba, don ka san abin da ya kawo ni.

Makon jiya yaranka sun zagayo cikin dare sun watsa nama mai guba lungu-lungu, da gari ya waye muka tarar da gawarwakin karnuka a bakin hanya, wasu ma ba su gama mutuwa ba suna ta shure-shure kumfa na fita ta baki, ga 'yan makaranta sun tsaya cirko-cirko suna kallo. Cikin waɗanda suka mutu har da karyata. Shekararta shida a hannuna, ba ta taɓa tsallake allurar rigakafin haukan kare ko sau ɗaya ba, katinta na gabana yanzu haka da nake wannan rubutu. Na yarda da nawa laifin, ni na bar ƙofa a buɗe ta fita, kuma mai kare da ya san abin da yake yi ba ya barin dabbarsa tana yawon dare. Wannan na ɗauka. Amma yallaɓai kai ma sai ka ɗauki naka, don naman da aka jefar bai tambayi kowa kati ba.

Bari in tuna maka, ko aiki ya yi yawa ka manta. Ranar 28 ga Satumban bara, ranar da duniya ta ware don yaƙi da cutar haukan kare, kai ne ka tsaya gaban kyamara da riga mai tambari ka ce za a yi wa karnuka allura kyauta unguwa-unguwa, ka ce duk mai kiwon karnuka don sayarwa sai ya yi rajista an je an duba inda yake ajiye su. Har kare ɗaya aka riƙe maka ka soka masa allura aka tafa. Hotunan na nan a Facebook ba su goge ba. To wallahi ina taya wancan karen murna, da alama shi kaɗai ne ya amfana da shirin.

Kada ka ce ban san tsoron da mutane ke ciki ba, na sani sarai. Na san an ciji yaro, na san iyaye sun tayar da hankali, kuma suna da gaskiya. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan kashi 99 na masu kamuwa daga kare suke samu. Ni ma ina da 'ya'ya, ba kare na fifita a kan ɗan mutum ba. Don yaran ne ma nake wannan ihun.

Domin ita wannan hukumar da kuke ɗauko alƙalumanta a jawabi, ita ce ta ce kashe karnuka barkatai ba ya kawar da cutar. Abin da ke yanke ta shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a kuma riƙa maimaitawa. Kai likita ne, ka fi ni sanin dalili, amma bari in faɗa don masu karatu. Karen da aka yi wa allura katanga ne, in mahaukaci ya cije shi cutar ta tsaya nan ba ta wuce gaba. Su kuma waɗanda suka fi saurin cin naman guba su ne masu sabo da mutane, wato daidai waɗanda ake iya kamawa a yi wa allura ko an riga an yi musu, mai tsoron mutane yana can nesa ya tsira. Ka rushe katangar kenan da hannunka. Sannan bolar da suke ci tana nan ba a kwashe ba, sai sababbi su shigo daga wani wuri su cike gurbin, babu mai allura a cikinsu. Karya tun kafin ta cika shekara ta isa barbara, wajen sau biyu a shekara take neman namiji, cikinta kwana 63 ne kacal, ta zubo biyar ko shida ko fiye. Lissafa da kanka wata nawa za a yi kafin lungun ya sake cika. Su kuma masu karnuka da suka ga abin da ya faru yanzu ɓoye nasu suke yi, wasu na kai su wasu garuruwa, duk ranar da ka turo masu allura na gaskiya babu mai buɗe musu ƙofa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kuma ba wai ba a taɓa ganin inda aka yi nasara ba. Mekziko a 1990 mutum 60 suka kamu ta hanyar kare, suka dage da allurar karnuka kyauta kowace shekara, daga 2006 ba a sake samun ko ɗaya ba, a 2019 suka zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa cewa ta kawar da matsalar. Da sirinji suka yi, ba da nama mai guba ba. Rigakafin nan tun 1885 Louis Pasteur ya gwada shi a kan yaro ɗan shekara tara ya rayu, yau shekara fiye da 130, mu kuma har yanzu muna dabarar da ko kakanninmu za su yi wa dariya. An ce nan da 2030 ake so a ce babu wanda ya mutu da cizon mahaukacin kare a duniya, kai ma ka ambaci shekarar a jawabinka. Da wace tafiya za mu isa?

Sai maganar rajistar masu kiwo, wadda ita ma shiru kake ji. Yallaɓai karnukan titi ba daga sama suke faɗowa ba. Je ka ga yadda wasu ke tara karya goma a keji ɗaya, ba wurin juyawa, kashi da fitsari a ƙarƙashinsu, kaska ta cika kunne, duk lokacin da ta nemi namiji a haɗa ta ba hutu, wani ma uba da 'yarsa yake haɗawa wai don kada jini ya gauraya. In ta tsufa ta daina haihuwa a buɗe ƙofa a kore ta. Kwikwiyon da ya kamata ya yi aƙalla mako takwas da uwarsa, tun yana mako huɗu an ɗora hotonsa a intanet, a haɗa wa mai saye da katin allura na bogi, bayan kwana uku kwikwiyon ya fara amai da zawon jini, cutar karnuka da ake kira farbo ta kama shi, shi kenan. Wanda ya rayu kuma mai shi ya saya ne don gayu, da ya girma ya ga cinsa ya yi yawa sai ya kai shi nesa ya yar. Waɗannan ne kuke bi da guba, wanda ya haifar da su kuma yana zaune yana ƙirga kuɗi. A Ingila tun 2016 dole ne a sa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata don a san mai shi, daga 2020 kuma dillali ba shi da ikon sayar da kwikwiyo ɗan ƙasa da wata shida, sai dai ka je wurin mai kiwon ka ga uwar da idonka. Ni ban ce ka kawo mana na'ura gobe ba. Littafi da biro ma sun isa a fara.

Akwai sauran abubuwa da yawa, masu yanke wa kare kunne da reza don ya yi kama da mugu, masu ɗaure shi da guntuwar sarƙa cikin rana ba ruwa, masu neman irin karnukan nan masu ɗanƙwafaffen hanci da ko numfashi da ƙyar suke yi, irin buldog da yawancinsu sai an yi wa uwar tiyata ake ciro su. Ko sanarwa ɗaya a rediyo cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan ya garzaya asibiti, ban ji ba. Amma bari in bar su, kar in cika ka da surutu.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka dakatar da gubar nan tun kafin wani yaro ya tsinci naman ya kai baki, don ba karnuka kaɗai suka mutu ba, har kyanwoyi mun kwashe. Kuɗin da aka sayi guba a sayi allura da shi, a nemo firij ɗin ajiye ta, a sa rana a faɗa mana. A haɗa da fiɗiye karnukan da masu su ba sa son su hayayyafa. Mu masu karnuka za mu fito mu riƙe muku su, ni da kaina zan bi gida-gida in yi wa mutane magana, har waɗanda yanzu suke zagina suna cewa ni na ce musu su yarda da ku.

Karyar tawa ta bar kwikwiyo biyu, sun cika wata uku, daidai lokacin allurarsu ta farko ta haukan kare. Ranar Litinin zan kawo su ofishinka da safe, da katin uwarsu a hannuna. In ba ka nan zan jira.

Naka,
wani mai kare.