Wasiƙar godiya ga gidan ɗab'in da ya rubuta mana allon makaranta

Assalamu alaikum, Malam, tare da yaran shagonka baki ɗaya.

Na rubuto ne a madadin kwamitin iyayen yara na makarantarmu da ke nan Zariya. Mun yi godiya da baki ranar da aka kafa allon, amma kwamiti ya ce a sa ta a rubuce inda jama'a za su gani, domin wanda ke neman mai aiki ya san irin wanda zai nema.

Abin da muka zo da shi kaɗan ne: allo a bakin titi, wanda mai wucewa a kan babur zai karanta ba tare da ya tsaya ba. Kai ka ba mu shawarar salon haruffan da ake kira Futura, mai kaurin nan, ka kuma zaunar da mu ka yi mana bayaninsa, abin da ba kowane mai sana'a yake ɓata lokacinsa a kai ba. Wani Bajamushe ne, Paul Renner, ya zana shi, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt ya fitar da shi a 1927. An gina haruffan a kan da'ira da miƙaƙƙen layi da siffa mai kusurwa uku, babu ƙawa babu lanƙwashe-lanƙwashe, shi ya sa O ɗinsa yake zagaye kamar faifai, M da W kuma suke tsaye a buɗe. Ashe ma da shi aka rubuta allon ƙarfen da 'yan sama jannatin Amurka suka bari a duniyar wata a 1969. Shugaban kwamitinmu ya ce to, in ya isa wata, ai zai isa titinmu.

Inda aikinku ya burge mu shi ne wajen Ƙ. A jikin allon akwai "Ƙananan Yara", kuma Futura ɗin da ke kwamfutarku ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Mun san yadda aka saba yi a irin wannan hali: ko a buga K kawai a ce ai kowa zai gane, ko a aro wata siririyar Ƙ daga wani salon a cusa ta tsakanin masu kauri, ta fito bare. Makarantar da ke koya wa yara rubutun Hausa ba za ta rataye kuskure a ƙofarta ba, a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939.

Ina tsaye a bayan yaronka lokacin da ya buɗe CorelDRAW, manhajar zane ta kwamfuta. Ya mayar da harafin K ya zama zane, ya yanko lanƙwasar saman ƙaramin f na salon, ya daidaita kaurinta da na hannun K, ya ɗora. Ya ja kujera baya ya duba, ya ce ta yi nauyi, ya ɗan rage mata ciki daidai inda ta haɗu da hannun. Na tambaye shi dalili. Ya nuno mini b da d na salon, yadda da'irar take sirancewa a wurin da ta taɓa sanda, ya ce in ba a yi haka ba tawada takan taru a mahaɗar, daga nesa sai ka ga dunƙulen baƙi. Haka ya yi wa Ɗ ɗin da ke layin ƙasa, tata ƙugiyar ta ɓangaren hagu. Ba ku caje mu ko sisi a kan wannan ƙarin aikin ba.

Kun kuma hana mu abin da muka nace a kai, kuma kun yi daidai. Mun so a zuba komai a allon, daga jerin azuzuwa har kuɗin fom, duk da haruffa masu kauri. Ka ce wannan salon na kanun magana ne, kalma uku ko huɗu, in aka cika shi sai ya toshe ido. Sunan makaranta ya tafi da manyan baƙaƙe, domin ƙaramin a na Futura da'ira ce da sanda, yana iya rikiɗa ya zama o ga mai gudu. Lambar waya ta koma ƙasa da siririn rubutu, sauran bayani ya tafi takardar sanarwa. Shuɗi mai duhu a kan fari, tazara wadatacciya tsakanin haruffa, shi ke nan.

An yi alkawarin Alhamis, aka kawo Alhamis. Yanzu masu Keke Napep da allon suke kwatance, kuma malamar aji ɗaya takan fito da yara bakin ƙofa ta nuna musu Ƙ da Ɗ a jikinsa.

Kwamiti ya amince cewa takardun shaidar kammalawa na bana ma wurinku za su zo. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Sakataren kwamitin iyayen yara