Wasiƙa kan batun SIWES ɗin Auta

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Tun babbar salla ka yi ɓatan dabo, to yau ga maganar da za ta sa ka amsa dole. Auta ya shiga aji huɗu, wata shidan SIWES, wato zaman koyon aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, sun ƙarato, kuma Hajiya ta ce kana son kai shi ofishin abokinka saboda alawus. Don Allah ka dakata.

Lantarki yaron nan yake karanta. Ba zai sake samun wata shida cur a bakin aiki ba kafin ya gama, kuma yawanci daga nan ake samo aikin binciken aji biyar. Gobe in ya je neman aiki, abin da ya yi a wurin za a tambaye shi. In aka ajiye shi yana kai fayil daga tebur zuwa tebur, da hatimi kawai zai dawo.

Ya fara sanin layin da yake so. In manyan layukan wuta ne, ga tashar TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, da ke Kumbotso a Kano, inda ake sauke 330kV zuwa 132kV. In samar da wutar ne, Shiroro ko Kainji, amma ya tanadi masauki. Masana'antun Sharada, Chalawa da Bompai kuma aikin moto mai juya injuna da allon sarrafa su zai koya. Ni dai na fi so masa ƙaramar tashar rabon wuta, mai sauke 33kV zuwa 11kV, don inda ma'aikata ba su da yawa dole a sa shi aiki. Can zai riƙe mega, na'urar gwada ko wuta na zurarewa daga waya, ya gwada kebul, ya ga yadda ake ɗibar man taransfoma a kai gwaji, ya duba silika jel, ƙwayoyin da ke tsotse danshin iskar da ke shiga taransfoma: in shuɗi ya koma ruwan hoda ta sha danshi, kuma danshi in ya shiga mai, shi ke rage masa ƙarfin tare wuta har taransfoma ta ƙone. Sama da duka, zai koyi cewa ba a taɓa layi sai an karɓi takardar izinin aiki, an yanke wuta, an gwada an tabbatar babu, an ɗaura wayar ƙasa.

Af, an sa ranar ɗan wajen Baffa, bayan azumi ne. Wannan karon ba mai karɓar uzurin aiki a wurinka, har mai tsiren bakin layinmu yana cigiyarka.

Kafin Auta ya amince da wuri, ya tambaya ko akwai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya, da zai riƙa duba shi, kuma ko ana fita da ɗalibai fili. Takardar neman gurbi ya kai ta tun ana saura kamar wata uku, wurare da dama, don gurbi da wuri yake cika. Littafin aikinsa ya cike shi kullum har da zane, a sa masa hannu duk mako. Masu bari sai satin ƙarshe su kwafi na wani, ranar kare rahoto malamai ke gano su. Kada kuma ya manta da fom 8 na ITF, hukumar da ke kula da SIWES, wanda ake cikewa a ƙarshen aikin.

Kuɗin mota, hular kwano da takalmin aiki suna wuyanka, tunda kai ne babba. Ka kira shi kafin Juma'a. A gaida madam da yara.

Naka har kullum.